Me Ya Kawo Kachala Gonarmu, Kuma Me Ya Sa Yanka Ba Ya Kashe Ta?

Tambayar ta zo daga wani ɗalibi ɗan ƙasar Guri a Jihar Jigawa. Ya ce a aji ana ta ba su ma'anonin kalmomin ikoloji suna haddacewa, amma in ya je gida hutu sai ya tarar fadamar da kakansa ya noma shinkafa ta zama dajin kachala. Mahaifinsa da mutanen gari suna yin gayya su yanke ta, kafin a ce kwabo ta dawo. Yana so ya san daga ina ciyawar nan ta zo, me ya sa yanka ba ya kashe ta, kuma karatun da yake yi yana da abin cewa a kai, ko kuwa na cin jarrabawa ne kawai.

Ɗana, bari in fara da abin da zai ba ka mamaki: kachala ba baƙuwa ba ce. Ba wanda ya ɗauko ta daga wata ƙasa ya zo ya shuka muku. Ciyawa ce ta Afirka, masana suna kiran irin da ke wajenku Typha domingensis, kuma tun zamanin kakan kakanka tana nan, a ɗan lungun tafki ko gefen gulbin da ruwansa ba ya ƙafewa. Ba ta dami kowa ba saboda ba ta da wurin yaɗuwa. Abin da ya sauya shi ne ruwan, musamman lokacin zuwansa da lokacin tafiyarsa. In ka fahimci wannan, ka fahimci rabin abin da malamanka suke so su koya maka.

Ita kalmar ikoloji wani Bajamushe ne, Ernst Haeckel, ya ƙirƙiro ta a 1866 daga kalmar Girkanci da ke nufin gida. Wato nazarin zaman gida na halittu: wa ke zaune da wa, wa ke cin wa, me kowa yake bukata, me ke korar wani ya kawo wani. Gidan yana da ɓangare biyu. Akwai abubuwa marasa rai, irin su ruwa, zafi, hasken rana, ƙasa, iska da gishirin da ke cikin ƙasa. Akwai masu rai, tun daga kwayoyin halittar da ido ba ya gani har zuwa giwan ruwa da ɗan Adam. Kada sunan Bature ya ruɗe ka ka ɗauka ilimin nasu ne su kaɗai. Kakanka in ya ga shamuwa ta sauka kan bishiyar gari ya san damina ta ƙarato. In ya ga ƙuduji ya cika gonar dawa, ko tumfafiya ta yi yawa a fili, ya san ƙasar ta gaji. Karanta muhalli yake yi ta hanyar halittun da ke cikinsa. Abin da boko ya ƙara shi ne awo, da rubutawa, da gwaji.

To, mu ɗauki gidan naku yadda yake a da. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Hadejia. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ya bi ta ƙasar Bauchi. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Hadejia, Nguru da Gashuwa, inda tsofaffin tuddan rairayi suka jeru, sai ruwan ya rasa hanya guda, ya rarrabu, ya malale. Abin da ya tsira daga nan shi ne Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar a wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. Ruwan saman da ke sauka a yankinku kaɗan ne, wata uku zuwa huɗu, kuma rana tana shanye fiye da abin da sama ta bayar. Don haka arzikin fadamar ba daga gajimaren da ke kanku yake zuwa ba, daga ruwan da ya sauka can kudu da yamma ne, wanda ke isowa ya cika fadama a watannin Agusta da Satumba. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar tana rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Daga nan ruwa ya fara janyewa, har zuwa bazara ƙasa ta bushe ta tsattsage, kogin Hadejia kansa ya tsaya.

Wannan cika da ƙafewa shi ne numfashin fadamar, kuma kowace halitta da ke wurin ta daidaita rayuwarta da shi. Dubi gaiwa. In ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da majina wadda ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska da huhu, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Shi ya sa ake haƙo kifi da fartanya a busasshiyar ƙasa, abin da baƙo ba ya yarda sai ya gani. Tarwaɗa tana da wani sashe a bayan kanta da take shaƙar iska da shi, don haka tana jure kududdufin da ya yi zafi ya dagule bayan sauran kifaye sun mutu. Bado yana barin ganye ya bushe, ya ajiye ransa a cikin tushen da ke ƙasa. Ciyayi da yawa kuwa mutuwa suke yi gaba ɗaya, su bar iri a cikin ƙasa yana jiran ruwa. Ka lura da wannan da kyau, domin nan ne zancen yake: duk waɗannan suna da dabarar tsallake rani. Kachala ce dabararta ta fi rauni a nan. In ƙasa ta bushe ƙayau wata biyar ko shida duk shekara, saiwarta tana wahala, ba ta samun damar kafa daula. Rani shi ne mai gadin ƙofa.

Kafin mu zo kan yadda aka sallami mai gadin, bari ka ga yadda abinci yake zagayawa a gidan, don ka san abin da aka yi asara. Da rani Fulani suna shigo da shanu fadama su ci ciyawar da ruwa ya bari. Shanu suna zubar da kashi. Gara, buzuzu da kwayoyin bakteriya suna narkar da kashin da busasshen ganye su mayar da su taki. Ruwa na zuwa sai takin nan ya narke a ciki, gansakuka da ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa a ruwan da rana ke dumamawa. Ƙananan ƙwari su ci waɗannan. Kifaye, waɗanda suka baro kogi suka bazu cikin fadama don yin ƙwai, 'ya'yansu su ci ƙwarin su girma a ɓoye cikin ciyawa. Babban kifi ya ci ƙarami, zalɓe da masunci su ci babba. Masunta sun daɗe da sanin cewa shekarar da ruwa ya yi faɗi, kamun da ke biyo baya yana yin albarka, kuma binciken da aka yi a kogunan Afirka masu malala ya tabbatar da hakan. Wannan haɗuwar ta masu rai da marasa rai a matsayin abu guda mai aiki tare, ita ce masanin tsirrai Arthur Tansley ya raɗa wa suna ecosystem a 1935, sunan da kuke haddacewa a aji.

Akwai wani lissafi a ciki da ya kamata ka riƙe. Ƙarfin da ke tafiyar da komai daga rana yake, tsirrai ne kaɗai suke kama shi su mayar da shi abinci. Duk lokacin da wani ya ci wani, yawancin ƙarfin yana tafiya a motsi, numfashi da zafin jiki, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai yake zama tsoka. Raymond Lindeman ne ya fito da wannan tunani a 1942 daga nazarin wani ɗan tafki a Amurka. Shi ya sa ciyawa ta fi fara yawa, fara ta fi ƙadangare yawa, shaho kuma ɗaiɗai ne a sama. Taki yana zagayawa ya dawo, amma ƙarfin rana hanya ɗaya yake bi, ba ya komowa.

Wani abin da ɗalibai suke yawan cakuɗawa shi ne bambancin mazaunin halitta da matsayinta. Ka ɗauke shi kamar unguwa da sana'a. Mahauci da maƙeri suna iya zama unguwa ɗaya ba faɗa, domin ba abu ɗaya suke nema ba. Je ka dausayin Dagona ko na Baturiya da sanyin hunturu ka zauna ka kalli tsuntsaye. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa yana dakon kifi. Balbela tana bayan shanu tana cafke farar da ƙafafunsu suka tayar. Kirinjijiya tana tsintar irin ciyawa a ruwa mara zurfi. Ga kuma baƙi, agwagin daji da 'yan tsuntsayen bakin ruwa da suka tsallako Hamadar Sahara daga Turai da Asiya suna gudun sanyi, wasunsu suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Tafki ɗaya, sana'a daban-daban. Saboda irin waɗannan tsuntsaye ne aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Su ma mutanenku haka suka raba fadamar, ba da shinge ba, da lokaci. Fili ɗaya masunci ya kafa taru a kansa da kaka, manomi ya bi ruwan da ke janyewa ya shuka wake, makiyayi ya shigo da bazara. Mai kaba ya yanki ganyen goruba, mata su kwashi kanwa. In kana son misalin raba sana'a da lokaci a tudu, dubi gawo: yana zubar da ganye da damina daidai lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, ga kuma bakteriyar da ke saiwarsa tana kamo naitirojin daga iska. Manoman Damagaram ba banza suke barin sa a gona ba.

Yanzu mu dawo kan kachala, mu tambaye ta sana'arta. Tana son ruwa mara zurfi, daga idon sawu zuwa ƙugu ko ƙirji, wanda ba ya gudu sosai kuma ba ya ƙafewa. Tana son laka mai taki. Tana son rana. Rana kuna da ita, laka kuna da ita. Abin da ya hana ta a da shi ne ruwan dindindin. A ikoloji ana cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke hukunci, ka'idar da ake dangantawa da Justus von Liebig tun wajen 1840. In kana da buhun gari amma ruwanka kofi ɗaya ne, ruwan ne zai faɗi yawan tuwon da za a tuƙa, ba garin ba. Ranar da aka kawo maka randa cike, lissafi ya sauya.

Randar ta zo ne da madatsun ruwa. An gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Challawa kuma a 1992, sannan ga shingen ruwan da aka yi wa aikin noman rani na kwarin Hadejia a wajen Auyo. Aikin dam shi ne ya riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali duk shekara, don birnin Kano ya sha, don a yi noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure. Ga mai fadama a can ƙasa, wannan ya jawo abu biyu a lokaci guda. Babbar ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ga kuma fari na shekarun 1970 da 1980 ya ƙara tsananta abin, har a shekaru da dama faɗin malalar bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, kogin da ke tsayawa da rani ya daina tsayawa. Ɗan ruwa yana ta silalowa wata goma sha biyu, ɗauke da ragowar takin zamani daga gonakin rani da dattin birni. Ruwa mara zurfi, mara gudu, mara ƙafewa, mai taki. In da kachala za ta rubuta takardar neman gida, da ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ta shiga kuma, ita da kanta take gyara wa kanta wurin zama, kuma wannan ne ya sa lamarin ya fi ƙarfin gayyar gari ɗaya. Karanta suna rage gudun ruwa. Ruwa in ya rage gudu sai ya sauke lakar da ya ɗauko. Laka ta taru, hanya ta cike, zurfi ya ragu, wuri ya ƙara dacewa da kachala, ta ƙara yaɗuwa, ta ƙara rage gudun ruwa. Haka abin yake ta juyawa yana ciyar da kansa. Ta haka ne tsohon kogin Hadejia da mashigin Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata zuwa mashigin Marma ya nufi Nguru. Sakamakon kuwa abin takaici ne: wasu garuruwa gonakinsu sun nutse shekara da shekaru ba sa bushewa, wasu kuma a gaba suna kallon busasshen kwari. Ruwan da ke isa Gashuwa a yau mafi yawansa na Jama'are ne, kogin da har yanzu ba a datse da babban dam ba, tunda aikin Kafin Zaki bai kammalu ba. Gonar kakanka tana cikin kashi na farko.

Me ya sa sauran tsirrai ba sa iya ja da ita? Tsawonta yana kai mita uku ko fiye, tana tsirowa a cushe, ta tare rana. Busasshen ganyenta yana zuba ya yi katifa a kan ruwa, irin wani ba ya samun hasken tsirowa. Shinkafa, ciyawar roba da bado sai su ja da baya. Ganyen nan in yana ruɓewa yana shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa, kifaye masu bukatar ruwa mai iska su guji wurin, a bar su tarwaɗa. Ko kifin yana nan ma, ina masunci zai jefa birgi, ina kwalekwale zai bi? Wuri mai sana'a ashirin ya koma mai sana'a ɗaya.

Amma kada ka ce ba wanda ya ci riba. Jan-baki ya samu masauki. Tsuntsun nan, wanda ake ƙiyasin ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, asalin abincinsa irin ciyawar daji ne, amma yana bukatar wurin kwana mai duhu kusa da ruwa inda maƙiyi ba ya iso shi. Dajin kachala ya ba shi wannan, ga gonakin shinkafa, gero da alkama a bakin ƙofa. Ka ga yaran da ke wuni a gona suna kaɗa gwangwani, kachala tana da hannu a rashin zuwansu makaranta. Sauro ya samu kwantaccen ruwa duk shekara, maimakon wata huɗu. Ƙananan katantanwar ruwa, waɗanda tsutsar tsargiya take girma a jikinsu kafin ta huda fatar mutum ta sa shi fitsarin jini, a da rani yana kashe mafi yawansu, yanzu suna nan daram manne da karan kachala. Wani irin katantanwar kuma yana ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar shanu.

Don kada ka zaci abin na Jigawa da Yobe ne kawai, je ka kogin Senegal. An gama dam ɗin Diama kusa da bakin teku a 1986, na Manantali a Mali ya biyo baya. Diama ya hana ruwan gishiri hawowa da rani, ya kuma tsayar da ruwan kogi a zurfi ɗaya. Can gishiri da ƙafewa ne masu gadi. Da aka kawar da su, irin wannan kachala taku ta rufe bakin kogi a Senegal da Muritaniya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll. Daga baya masu bincike suka gano ƙarin dalili: akwai wani babban jatan lande na kogi mai cin katantanwa, wanda dole sai ya sauka ruwan gishiri ya hayayyafa. Dam ya tare masa hanya, ya ɓace daga sama, katantanwa suka rasa mai cin su. Wanda ya zana dam ɗin ba shi da niyyar sa wa yaro fitsarin jini, amma zaren ya bi ta nan. Darasin da ke ciki ya shafi feshin da ake yi wa jan-baki da jirgin sama: gubar ba ta tantance tsuntsu, kuma shaho ko mujiya da suka ci gawar su ma suna tafiya, alhali su ne masu rage ɓera a gona.

To, me ya sa yanka ba ya kashe ta? Domin abin da mahaifinka yake yanka ba shi ne jikinta na ainihi ba. Ranta yana cikin wata kakkaurar saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin laka, cike da abincin ajiya, mai ido a gaɓa-gaɓa kamar rake. Ka sare sama, ido ya buɗe, sabon kara ya fito cikin 'yan kwanaki. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙonawa ma haka: wuta ta cinye busasshen ganye, ta bar saiwa lafiya lau cikin jiƙaƙƙiyar laka, ta kuma bar mata toka da sarari. Sannan wancan zangarniyar mai kama da gero da ke kanta, guda ɗaya tana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, kowanne da ɗan gashinsa, iska ta kwashe su ta watsa. Duk inda suka sauka a kan danyar laka mai samun rana sai su tsiro.

Amma tana da lago, kuma ikoloji ne ya nuna shi. Laka da ke ƙarƙashin ruwa ba ta da oksijin, saiwa kuma dole ta yi numfashi. In ka karya ganyen kachala ka duba cikinsa, za ka ga ramuka kamar soso. Ta nan iska take sauka daga sama zuwa saiwa, har busasshen karan da ke tsaye ma yana wannan aiki. Don haka in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ƙasa da fuskar ruwan, kuma ruwan ya ci gaba da rufe kututturen, an toshe mata hanci. Saiwar za ta yunƙura ta turo sabon ganye, sai a koma a sake yankewa kafin ya daɗe a sama, sau biyu ko uku a jere. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da take fitar da kai, domin a lokacin ta kwashe ajiyarta ta zuba a fure. Kuma a kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu, kada a bar shi ya ruɓe a wurin ya zama taki da shinge. Yanka a saman ruwa ko a kan danyar ƙasa, aski ne kawai aka yi mata. Ka gaya wa Baba wannan da ladabi, kada ka je masa da yaren aji. Mai yiwuwa ma ya riga ya lura cewa inda suka yanka cikin zurfi ya fi jinkirin dawowa, bai dai san dalili ba.

Ban so in yaudare ka, ko wannan dabarar ta gona ɗaya ce ko mashigi ɗaya. Muddin ruwa yana kwance wata goma sha biyu, iri yana zuwa a iska, za ta dawo. Injinan da ake kawowa su yashe hanyoyin ruwa suna da amfani, ruwa yana samun wucewa, amma in ba a taɓa yadda ake sakin ruwa daga sama ba, bayan 'yan shekaru sai a sake neman kuɗin inji. A ganina maganin na gaskiya yana hannun masu buɗe ƙofar dam: a saki ruwa mai yawa a lokaci ɗaya da damina don ya yi kama da ambaliyar da, a kuma samu wasu watanni da rani da za a bar hanyoyin ƙasa su bushe sosai. Faɗar haka ta fi yin sa sauƙi. Mutumin Kano da ke jiran ruwan famfo da manomin tumatir na Kadawa su ma bayin Allah ne masu haƙƙi, kuma ba wanda zai ce a rushe Tiga. Sai dai a yi lissafi da adalci. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadamar ke samarwa na noma, kifi da itace, suka kwatanta da na aikin noman rani na kogin Kano, suka tarar in aka bi ta yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi bayar da amfani nesa ba kusa ba. Kuma ba su ma sa kiwo da ruwan da malala ke cusawa cikin ƙasa ya cika rijiyoyi ba. Abin da ya sa ba a ganin arzikin fadama shi ne a warwatse yake, a hannun dubban masu ƙaramin ƙarfi, ba ya zuwa a buhu mai tambari.

Akwai masu cewa tunda ta zo, a ci moriyarta. Ana saƙa tabarma da asabari da ita, ana rufin ɗaki, a Muritaniya da Senegal ana yin gawayi da ita, an kuma gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki a kwarin Hadejia. Ina goyon bayan wannan, domin wanda zai samu kuɗi a yanka ya fi wanda ake roƙo ya fito gayya naci. Sharaɗina ɗaya ne: kada kasuwar gawayi ta sa a manta cewa a ƙarƙashin dajin nan akwai gonar shinkafa da wurin kamun kifi.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ko karatun na jarrabawa ne kawai, ga aikin da zan ba ka wannan hutun. Samo sanduna biyar masu tsawo, ka yi musu zane kowane santimita goma. Kafa ɗaya a tsakiyar kachala, ɗaya a bakinta, ɗaya inda bado ko roba suka rage, ɗaya inda har yanzu ake noma, ɗaya a mashigin ruwa. Ka sa ƙaninka ya riƙa rubuta zurfin ruwa a kowace sanda duk ranar Juma'a har shekara ta zagayo, da ranar da ƙasa ta bushe in ta bushe, da tsiron da ke wurin. Sannan ka keɓe 'yan filaye uku masu faɗin tabarma biyu-biyu a cikin kachalar: ɗaya a yanka a saman ruwa, ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ɗaya a bar shi yadda yake, ku ƙirga sababbin karan da suka fito bayan mako biyu, huɗu da takwas. Ku sa takalmin roba mai tsawo in za ku shiga, saboda tsargiya. Ka kuma zauna da tsofaffin masuntan garinku ka rubuta sunayen kifayen da suke kamawa kafin a gina Tiga, ka sa alama a kan waɗanda har yanzu ake gani a kasuwa.